Manyeton Mutumin Azagor

Shekarar da na dawo Dakoro daga Maradi da takardar gama karatu a jaka, babu aiki, babu alamarsa, abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne faɗa da mutanen gidanmu. Tun ina ƙarami nake da saurin fushi, zaman banza kuma ya ƙara mini. Abokaina biyu sun gama shirin tafiya arewa, su bi ta Agadas su wuce Libiya neman aiki, motar da za ta ɗauke su kuma za ta tashi bayan kasuwa uku. Na ce su ajiye mini wuri. A gida kuwa, muna cikin cin tuwo, na faɗa wa Baba da Inna cewa idan kwamfutar da nake haɗawa ta tashi zan zauna in nemi abinci da ita, idan ta ƙi in bi mota. Inna ta ajiye ludayin miya ta shige ɗaki. Baba ya gama cin tuwonsa ya wanke hannu.

Kwamfutar, wadda mu a nan muke ce wa ordinatar, ba saya na yi ba. Wani furoje ne, irin ƙungiyoyin nan na ayyukan raya karkara, ya rufe ofishinsa a garin, kawuna da ke gadin wurin ya ce akwai matattu guda uku a ɗakin ajiya an ce a zubar. Na kwaso su a amalanken jaki, mutanen unguwa suna tambayata ko gidan rediyo zan buɗe. A Maradi na ɗan zauna wurin wani mai gyara na ga yadda ake kwancewa da ɗaurawa, wannan ɗan ganin ne ya sa nake jin kaina wani abu. Lissafina shi ne gawa uku ba za su rasa ba ni rai ɗaya ba. Shugaban wata lakwal, wato makarantar boko, ya yi mini alkawarin buga tambayoyin jarrabawar ƙarshen shekara, har da aron injin fitar da takarda, bayan su kuma ga wasiƙun neman aiki da katin biki da ba sa ƙarewa a gari.

A zauren gidanmu na baje kayan a kan tabarma. Zauren nan shi ne shagon Baba. Ya fi shekara talatin yana gyaran rediyo a ciki, tun zamanin da ranar kasuwa makiyaya da manoman Mai Yara da Sabon Maci ke yin layi a ƙofa, kowa da rediyonsa a naɗe cikin tsumma. Daga baya ƙananan rediyoyi masu araha suka cika kasuwa, waɗanda in sun lalace sai a jefar, salula kuma ta zo ta ƙarasa abin da ya saura. Idonsa ma ya fara rauni. Amma kullum da safe sai ya share zauren ya zauna a kan 'yar kujerarsa, kamar dai akwai mai zuwa.

A bayansa akwai kanta mai hawa uku, cike da rediyoyin da aka kawo gyara ba a dawo ɗauka ba, sun fi ashirin. Duk ya gyara su. Babu takarda ko ɗaya a jikinsu, a kansa ya riƙe masu su: wannan na wani mai raƙuma ne, wancan na wata tsohuwa da ɗanta ya aiko mata daga Kurmi, can ƙasashen kudu. Duk Juma'a yakan sauke su ya goge da tsumma ya mayar. Ko ƙusa ɗaya bai taɓa cirewa daga wani ya sa wa wani ba, ko da aikin da ke hannunsa zai tsaya wata guda. A garin an san shi da wannan, har in ana gardamar riƙon amana a majalisa da shi ake misali. Inna ta yi shekaru tana son kantar nan don jera kwanoninta. Ni kuma maƙabartar rediyo nake ce mata, a gabansa ma na sha faɗa.

Na ɗauki akwatin ta farko, babban allon ta biyu, da faifan ajiyar ta uku. Akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai fanka a ciki, wanda ke karɓar wuta daga bango ya rarraba wa sauran kayan, alimantasiyo ake ce masa. Biyu daga cikin ukun sun ƙone ƙurmus, har ƙauri suke yi, don haka ɗaya kawai nake da shi. Ranar da na gama ɗaurawa na danna, fanka ta juya, gilashi ya kawo haske, rubutu ya fito. Na miƙe tsaye ina kiran Inna ta zo ta gani. Kafin ta ɗauro zane ta iso zaure abin ya ɗauke ɗif.

Haka muka yi ta yi da ita. Lokacin bazara ne, zafin da ke sa kaji buɗe baki. Da sassafe takan yi aiki kamar tsawon shan shayi na farko da na biyu, sannan ta mutu. Da rana ko na farkon ba ta kaiwa. Na zare 'yan sandunan ƙwaƙwalwarta na goge bakinsu da abin goge fensir na mayar. Na canza su da na sauran gawarwakin, ɗaya bayan ɗaya. Na canza faifai, na canza fankar da ke kan allo, na canza igiyar wuta. Na jiƙa buhu na rataya a taga don iska mai sanyi ta shigo, yadda Inna ke yi wa randa. Na zagi wutar gari, na zagi furoje da waɗanda suka kawo shi, na je har gidan kawuna na ce ya haɗa ni da shara. Akwatin wutar nan kaɗai ban taɓa zargi ba, tunda ina ganin yana kawo haske, a wautata mai kawo haske lafiyarsa lau.

Duk wannan Baba yana zaune yana kallo. Rana ta uku ya ɗan matso da kujerarsa ya miƙa hannu zai taɓa bayan akwatin. Na ce, "Baba, wanga ba rediyo ba ne hwa." Har yau in na tuna yadda maganar ta fita daga bakina sai in ji kunya ta rufe ni. Ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa, ya ce, "To, mushe." Haka muke kiran malaman lakwal, shi kuma in ya kira ni da shi na san ba yabo ba ne. Daga ranar bai sake matsowa ba, sai dai na lura duk lokacin da na kunna yakan karkata kai gefe ɗaya ya rufe ido. Na ɗauka gyangyaɗi yake yi.

Kasuwa ta farko ta wuce, ta biyu ta matso. Abokaina suka fara sayen jarkar ruwa da rawani, suna tambayata ko na yi nawa shirin. Wata ranar da azahar, bayan ta mutu sau huɗu a jere, na yi jifa da turnabis ɗin da nake kwance ƙusa da shi ya bugi bango, na ce a bar ni da wahala, na fice. Na je na zauna a tasha ina kallon motoci har aka yi la'asar.

Da na dawo na tarar Baba a kan tabarmata. Ya zare igiya daga bango, ya ciro akwatin wutar ya buɗe shi, abin da ni ban taɓa yi ba don an ce mana yana kisa. Ya kai shi kusa da hancinsa yana shinshinawa. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi magana, sai ya riga ni.

"Zo ka ara mani ido. Taɓa nan."

Ya kama yatsana ya ɗora a kan wasu 'yan gwangwanaye biyu da ke tsaye a cikin akwatin. Kan sauran a shafe yake, na waɗannan biyun kuwa ya kumbura kamar gwangwanin tumatir da ya lalace, ɗaya har ya fitar da wani abu ruwan ƙasa ya bushe.

"Kondansatar ne," in ji shi. "Su ka riƙe wuta ta daidaita. In sun gaji, da sanyi su daure, zahi na zuwa su saki. Kwana goma ina jin kukan abin ga. Kahin shi mutu sai shi yi wata 'yar ƙara kamar sauro. Kai ba ka ji?"

Ban ji ba. Ban ma san ana sauraren kwamfuta ba. Na tsuguna a gefensa, shi kuma bai ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar da na yi masa ba, wannan ya fi mini zafi a kan a ce ya rama.

Samun wasu kondansatar ya zama aiki. Na cikin ƙonannun akwatunan biyu duk sun fashe. Masu gyaran salula na bakin kasuwa suka ce su ba sa aiki da manya irin waɗannan. Na rubuta lambobin da ke jikinsu na ba wani direban Maradi, ya yi kwana uku ya dawo mana da wasu 'yan ƙanana. Baba ya murza su a tsakanin yatsu ya ce ko awa ɗaya ba za su yi ba. Saura kwana huɗu motar arewa ta tashi.

A yammacin ranar ne, yana kallon ƙasa, ya ce akwai irinsu a zauren nan. Ya nuna hawa na sama da haɓa. Wani babban manyeto ne, rediyo mai cin kaset, mai lasifika biyu da hannun ɗauka, wanda na tashi ina ganinsa a wurin. Ya ce na wani Buzu ne makiyayi daga wajen Azagor, ya kawo shi wata ranar kasuwa shekara goma sha takwas da suka wuce, ya ce zai dawo kasuwa mai zuwa. A shekarar ruwa ya ƙi, mutane suka kora dabbobi kudu, ba a sake ganinsa ba.

Na ce, "To mi muka jira? A cire."

"Ba nawa ba ne."

"Baba, shekara goma sha takwas. Mutumen ga ko shina da rai ya manta."

"Shi ya manta. Ni ban manta ba."

Nan fa na tashi da faɗa. Na ce ya fi son ƙarafan mutanen da ba su san yana yi ba a kan ɗan da ya haifa. Na ce in haka ne don me ya gaya mini, da ya bar ni cikin duhuna. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Inna tana jina daga tsakar gida, ta ce in ji tsoron Allah. Baba ya bari na gama, ya ce gobe kasuwa, zai nemi mai shi ya roƙe shi.

Washegari na bi shi daga nesa, rabi don in ga iya gudun ruwansa, rabi don kada zafi ya kayar da shi. Ya shiga kasuwar dabbobi da sandarsa, yana bin rumfunan mutanen arewa ɗaya bayan ɗaya. A kowace sai ya tsuguna a gaisa, a tambayi gida da dabbobi da ruwa, a ba shi shayi, sannan ya kawo maganarsa: dogon mutum mai tabo a gira, mai farin raƙumi, wanda ke shayarwa a rijiya kaza. Samari suka yi ta girgiza kai. Wani dattijo ya ce ya san shi, amma yana jin ya rasu. Wani ya ce iyalinsa suna can gaba da Azagor, tafiyar yini daga inda mota ke tsayawa. Babu wanda ya isa ya ce an yafe, a ɗauka. Muka dawo gida bayan la'asar, shi a gaba ni a baya. Na shiga ɗaki na fara tura kaya a jaka, na bar ƙofa a buɗe don a gani.

Da gari ya waye, bayan an dawo daga masallaci, ƙamshin gawayi ya tashe ni. Na fito na tarar ya hura wuta a ɗan murhunsa na ƙarfe, ya tura ƙarfen dalma a ciki, irin na da wanda ake gasawa a garwashi. Manyeton yana gabansa a kan tabarma. Ya sa masa batir ya murɗa, murya ta fito tangaran, wani yana karanta gaisuwar masu saurare. Ya bar shi ya yi magana kaɗan, sannan ya kashe, ya kifa shi, ya fara kwance ƙusoshin baya yana jera su a murfin kwano.

"Zauna ka riƙe mani. Karanta lambar da ke jiki."

Na karanta. Ya ce su ne. Hannun da nake gani yana rawa in ya ɗauki kofin shayi, da ya kama ƙarfen dalma sai ya tsaya cak. Ya ciro biyun daga manyeton, ya ciro kumburarrun daga akwatin wuta, ya tambaye ni ta wane gefe farin layin yake don kada ya juya musu ƙafa. Na manyeton sun fi tsawo, murfi ba zai rufu a kansu ba, sai ya ƙara musu 'yar waya ya kwantar da su, ya ɗaure da zaren Inna na ɗinki. Hayaƙin dalma yana shiga idona, ban yarda na motsa ba. Shekaruna ashirin da shida a gidan nan, ranar ce ta farko da na zauna na kalli yadda ubana ke aiki.

Muka kunna da hantsi. Ya karkata kai ya rufe ido, ni ma na yi kamar yadda ya yi, ban ji komai ba sai fanka. Shayi na farko ya wuce, na biyu, na uku. Aka kira azahar tana aiki, muka je muka dawo tana aiki. A tsakiyar zafin nan da ko shayi ɗaya ba ta kaiwa, na zauna na buga shafi shida na tambayoyin lissafi. Da la'asar na je tasha na gaya wa abokaina su ba wani wurina. Inna ta dama fura da nono mai yawa ta aika wa maƙwabta ba ta ce ta mece ce ba. Ni dai murna nake, a ganina magana ta ƙare.

Kasuwa ta gaba Baba ya naɗe manyeton a cikin tsohon bargo. Ya ɗauko ƙaramin rediyonsa na kansa, wanda yake jin labarai da shi kowace safiya, ya sa a aljihun riga. Ya ce zai bi motar 'yan kasuwa zuwa Azagor. Na ce in raka shi, ya ce ina da aikin mutane a hannu. Kwanansa huɗu. Ya dawo a bayan wata mota cikin awaki, ya yi baƙi ya rame, babu bargo, babu komai a aljihu.

Sai da ya yi wanka ya ci abinci sannan ya ba mu labari, a taƙaice, don ba mai dogon zance ba ne. Ya sami rijiyar, ya sami babban ɗan mutumin. Uban ya rasu shekara biyar da suka wuce. Baba ya kwance bargo ya faɗi abin da ya yi, ya miƙa nasa rediyon a madadin abin da ya cire. Ɗan ya ce ai sun san da manyeton. Da uban yana jinya yana lissafa musu abin da ya bari, raƙuma da awaki da takobi, har da shi ya ambata, ya ce yana Dakoro wurin mai gyara, kada su damu da saurin ɗaukowa, wurin da yake ya fi tanti tsaro. Ɗan ya ce sun yafe, ya yanka masa akuya, da ƙyar ya karɓi ƙaramin rediyon.

Na ce, "To alhamdu lillahi, tunda sun yahe."

Baba ya ce, "Sun yahe."

Da safe na tarar ya sauke duk abin da ke kan kanta. Ya aika wurin mai shela, ya kuma bi rumfunan kasuwa da kansa, cewa duk wanda ya san shi ko ubansa ya bar rediyo a wurinsa ya zo ya ɗauka. Waɗanda ya san ƙauyukansu ya ba direbobi su kai musu. A cikin wata biyu kantar ta koma fayau, Inna ta samu abin da ta daɗe tana so, amma ban ga ta yi murna ba, sai da kantar ta yi sati a zaure kafin ta sa a shigar da ita.

Ranar da yake naɗe na ƙarshe, ina gefe ina buga wa wani wasiƙa, abin ya ci ni na kasa haƙuri. Na juyo na ce, "Baba, don Allah mi ya yi zahi? Kondansatar biyu ne hwa. Masu shi sun ce sun yahe. Shekara talatin ba ka taɓa kayan kowa ba."

Ya ci gaba da ɗaure igiya, bai ɗago ba.

"Da ina cewa ni mutum ne da ba shi iya taɓa kayan mutane. Ashe ba a taɓa gwada ni da kai ba ne." Ya ja ƙullin da haƙori ya ajiye. "Yanzu na san abin da ka sa ni buɗe amana, kuma shina nan cikin gidan ga shina yawo. Ƙaƙa za ni riƙe ma mutane kaya?"

Na juya ga gilashin na ɗora yatsu a kan madannai, na daɗe ban ga harafi ko ɗaya ba. Mai wasiƙar ya tambaye ni ko mashin ɗin ne ya sake lalacewa. Na ce a'a, lafiyarsa lau.